Ƙwaya Ɗaya Kowace Rana: Gwanintar Masu Raka Mai Shan Maganin Kariya Daga Sida

Mai ciwo ba sai an roƙe shi ya sha magani ba, zafin jiki ne ke tuna masa. Wanda ake fama da shi shi ne mai lafiya, wanda ya tashi garau, ya je gona ya dawo, amma aka ce lallai ya haɗiyi ƙwaya yau, gobe ma haka, jibi ma haka. Iyaye mata a Hamdara, gabas da Mirriya a jihar Damagaram, sun san wannan daga maganin kariyar zazzaɓin damina da ake raba wa ƙananan yara, wanda aka fara a Nijar a 2013. Na ranar farko a gaban mai rabo ake ba yaro. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa, kuma a nan ake gane ko bayanin da aka yi mata ya shiga. Kwana uku ke nan a wata. To, ina ga maganin da ba shi da ranar hutu, kuma mai shansa ba ya so ko maƙwabci ya gan shi da kwalbar?

Haka maganin kariya daga sida yake, cutar da ake kira ƙanjamau a Najeriya. Masu shansa iri-iri ne. Akwai mace mai ciki da aka gano tana ɗauke da ƙwayar cutar a wurin awo, wadda shan maganinta shi ne garkuwar abin da ke cikinta. Akwai jaririn da za ta haifa, wanda ake ɗiga wa na ruwa a baki. Akwai miji ko mata da ba su da cutar amma abokin zamansu yana da ita, waɗanda aka yi wa maganin kariya da ake kira PrEP. Akwai kuma wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamar ma'aikacin jinya da allura ta soke, ko wadda aka yi wa fyaɗe. Shi ana son ya fara cikin awa 72, ya yi kwana 28 yana sha ba fashi. A ƙauyukan karkara irin na Hamdara, uwa da jariri su ne aka fi cin karo da su, domin ɗakin awo ne ƙofar da mata suka fi shiga asibiti ta cikinta.

Duk waɗannan suna bukatar mutum ɗaya a gefensu. Wani wuri ungozomar asibiti ce, wani wuri ɗan sa-kan ƙauye ne da ake kira rele, wani wuri kuma mace ce da ita kanta take shan maganin shekara da shekaru. Ba su suka ƙirƙiro ƙwayar ba, ba kuma su ke rubuta ta ba. Aikinsu shi ne su sa ta shiga ciki a kan lokaci, wata bayan wata. Wannan aiki sana'a ce mai ƙa'idoji, kuma gwaninta daban yake da ɗan koyo.

Abin da jini ya tona

Duniya ba ta gane girman wannan sana'a ba sai da ta sha mamaki. A 2011, wani bincike da aka yi a Kenya da Yuganda a kan ma'aurata fiye da 4,700, waɗanda ɗaya yana da cutar ɗaya ba shi da ita, ya nuna cewa ƙwayar da ta haɗa tenofovir da emtricitabine ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari. A 2012 Amurka ta amince da ita a matsayin maganin kariya, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba duk wanda ke cikin babban haɗari. Amma a 2013 sai ga sakamakon wani binciken mai suna VOICE, wanda aka yi da mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, ya fito ba tare da wata kariya ba. Ƙwayar iri ɗaya ce. Matan sun ce suna sha kusan kullum, kwalaben da suke dawowa da su ma sun nuna haka. Da aka auna jini, ba a sami maganin ba sai a ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na samfurin da aka duba.

Masu binciken sun koma sun zauna da wasu daga cikin matan, suka nuna musu sakamakon jininsu. A nan baki ya buɗe. Wasu sun ji tsoron a gan su da ƙwayar a ce suna da cutar. Wasu sun ji jita-jita a layin asibiti cewa tana lalata jiki. Wasu kuma sun ɓoye gaskiya ne don kada a yi musu faɗa ko a cire su daga shirin. Darasin a fili yake: mutum yakan gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya ga yana son ji. Saboda haka matakin farko na wannan gwaninta shi ne mai shan magani ya iya cewa "ban sha ba" ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Yadda gwana take tambaya

Ɗan koyo yakan ce, "Kina shan maganinki kullum, ko?" Amsar wannan tambaya ɗaya ce tak, kuma ba ta da amfani. Gwana ba ta yin haka. Tana tura ƙofa tukuna, ta tabbata babu mai jiran layi a bakin taga. Ta gaisa, ta tambayi gida da yara, ta tambayi nauyin jiki. Sannan ta ce, "Ɗiyata, kowa yakan manta, ni ma da ke gabanki nakan manta abu. A cikin satin nan, wace rana ce maganin ya fi yi miki wuya?" Ta riga ta share hanya. Idan yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ranar kasuwa ban sha ba, da ranar da aka yi rasuwa a gidanmu," gwana ba ta ɗaure fuska. Sai ta ce, "Madalla da kika gaya mini. Ranar kasuwar, da wane lokaci kika fita?" Daga nan magana ta koma kan dabara, ba kan laifi ba.

Tana ƙirga sauran ƙwayoyin da ke cikin kwalba, amma ba ta dogara da ƙirgan kaɗai, domin ta san ana iya zubar da su a hanya. Tana duba kwanan watan da aka zo karɓa, ta gwada shi da wanda aka rubuta a kati. Abin da ya fi duka shi ne awon yawan ƙwayar cutar a jini. Idan ya dawo da yawa, ba ta cewa "kin yi ƙarya". Takan ce, "Jini ya nuna akwai abin da ke tsakaninki da maganin nan. Mu nemo shi tare." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gwana ta yarda cewa mai ɗakin ita ce wadda ke zaune a gabanta.

Bayaninta ma gajere ne. Takan ce maganin nan kamar ban ruwan garka ne a tsakiyar rani: ba yawan ruwan da aka zuba shekaranjiya ke raya shuka ba, rashin tsallake rana ne. Idan maganin ya ragu a jini, ƙwayar cutar ta sami sararin hayayyafa, har ta iya sabawa da shi ya daina yi mata aiki. Daga nan ta ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: in kin manta, ki sha da zarar kin tuna, amma kada ki haɗa biyu don ramuwa. Sannan ta ce wa yarinyar ta maimaita mata da bakinta. Wanda ya gyaɗa kai bai tabbata ya gane ba, sai wanda ya iya faɗa.

Ɗaura ƙwaya a jikin yini

Yawancin masu ɗauke da cutar yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ta haɗa magani uku: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Wannan babban sauƙi ne idan aka tuna tarin ƙwayoyin da mutanen farko suka sha. Amma ko ɗaya ce sai an sama mata mazauni a cikin yini. Gwana ba ta cewa "ƙarfe takwas", domin ba kowa ke duba agogo ba, salula kuma caji yakan ƙare ko ta kasance a aljihun maigida. Takan nemi abin da ba ya tashi: sallar asuba, kunun safe, ko shimfiɗar tabarma bayan lisha. Idan wadda take sha da dare ta yi kukan rashin barci, wanda dolutegravir kan jawo wa wasu, sai a mayar da ita safiya. Mai fara PrEP kuma ana gaya masa tun da wuri cewa tashin zuciya ko ciwon kai na iya zuwa a makonnin farko kuma yakan wuce, domin abin da aka faɗa maka kafin ya zo ba ya firgita ka. Ana kuma gaya masa zai riƙa gwaji duk wata uku, kuma ƙwayar ba ta hana ciki ko sauran cututtukan saduwa.

Ga wata ƙaramar masaniya da ke raba gwana da wanda ya haddace takarda kawai. Kowace mai ciki ana ba ta ƙwayar ƙarin jini a wurin awo. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana kama dolutegravir a hanji ya hana shi shiga jini sosai, idan an haɗa su a cikin da babu abinci. Mace tana iya shan maganinta kullum ba fashi, amma ƙarfinsa ya ragu ba ta sani ba. Gwana takan tambaya, "Jar ƙwayar nan ta awo, yaushe kike shanta?" Sai ta shirya mata: ko ta haɗa su tare da abinci, ko ta raba lokutansu.

Sai maganar wurin ajiya, wadda a gidan yawa ta fi maganar lokaci nauyi. Inda akwai kishiya, da uwar miji, da yara masu shiga ɗaki ba sallama, kwalbar da ke ƙara idan an girgiza ta abin tsoro ce. Gwana ba ta raina wannan tsoro. Takan tambaya ina ne hannun kowa ba ya kaiwa: ƙasan akwati, cikin jeren kwanoni, ko ƙullin zane. Ta tuna mata kada rana ta buge shi, kada damshi ya shige shi, kada kuma yaro ya kai gare shi. Mutanen Damagaram sun san abin da ƙyama ke yi wa mai ciwo. Unguwar Kara-Kara a Zinder ta samo asali ne daga ware kutare a gefen gari. Binciken ƙasa ya nuna masu ɗauke da sida a Nijar kashi 0.7 cikin ɗari ne na manya a 2006, suka ragu zuwa 0.4 a 2012. Wannan abin godiya ne, amma yana da nasa nauyin: a ƙaramin ƙauye mace takan ɗauka ita kaɗai ce a duniya. Shi ya sa riƙon sirri shi ne jarin mai wannan aiki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da magana ɗaya ta fita daga ɗakin awo zuwa bakin rijiya, ba mace ɗaya aka rasa ba, duk masu jin labarin sun ja baya.

Sanin shekara kafin ta juyo

Gwana tana riƙe da kalandar garinta a ka. Ta san cewa idan an gama girbi samari da magidanta za su tafi cin rani, wasu Kano ko Legas, wasu Agadas har Libiya. Ba ta jira sai mutum ya ɓace. Tun ana ɗaure dammunan hatsi take tambaya, "Malam, bana akwai tafiya?" Idan akwai, ta nemi a ba shi na wata uku ko fiye, kamar yadda ake yi wa wanda jininsa ya daidaita, ta rubuta masa sunan maganin a takarda, ta gaya masa ya nemi asibiti a can tun kafin kwalba ta ƙare. Ta san damina takan yanke hanya, aikin gona ya hana zuwa, kuɗin kabu-kabu ya gagara. Ta san lokacin da rumbu ya yi ƙasa wasu kan daina sha don tsoron magani a cikin da babu komai, sai ta tabbatar musu wannan ƙwayar ana shanta da abinci ko babu.

Azumi ma ba ya zo mata ba shiri. Tun Sha'aban take zama da mutanenta a mayar da ƙwayar bayan shan ruwa ko lokacin sahur. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka buga a 2009, ya nuna masu azumi sun sauya lokutan shan maganinsu ba tare da sun yi sakaci da shi ba. Ibada da magani ba sa karo idan an yi tsari.

Babban gwajin kuwa yana zuwa ne bayan haihuwa. Idan ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari na iyaye masu cutar kan kamu, a ciki ko wurin haihuwa ko ta nono. Idan uwa tana shan magani yadda ya kamata, adadin yakan sauko ƙasa da 5. Tun da Malawi ta fara ba kowace mai ciki da ke ɗauke da cutar magani na har abada a 2011, kuma duniya ta bi sahu, an gane cewa mata sun fi riƙe shi lokacin goyon ciki, sai an sauka lafiya hannu ya yi sanyi. A ƙasar Hausa dalilin a bayyane yake. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta wankan jego, wataƙila wani ƙauye mai nisa da asibitin da ya san ta. Ɗaki cike da 'yan barka, ga hidimar suna, ga ido a kanta dare da rana har arba'in.

Gwana tun cikin yana wata bakwai take tambaya, "A ina za ki haihu? Wa zai zauna da ke?" Ta nuna mata yadda ake zuƙo ruwan nevirapine da sirinjin da ba shi da allura, daidai layin da ya dace da nauyin jariri, a ɗiga a gefen kumatu a hankali don kada ya shaƙe. Ta ba ta sirinjin ta gwada da ruwa a gabanta har hannunta ya faɗa. Su shirya amsar da za ta ba kaka idan ta tambaya: maganin da likita ya ba jariri ne, kuma wannan gaskiya ce. Ta yi mata bayanin nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, domin haɗa nono da wani abu a watannin farko yana ƙara haɗarin kamuwa. Ta sa mata ranar gwajin jariri na sati shida a jikin ranar rigakafinsa, don tafiya ɗaya ta biya bukata biyu kuma kada kowa ya yi tambaya. Kuma tana maimaita mata cewa muddin yaro yana shan nono, ƙwayar da uwa ke haɗiya ita ce katangarsa, har zuwa gwajin ƙarshe bayan yaye.

Maigida, da wadda ta riga ta bi hanyar

Mace ba ta cika riƙe magani ita kaɗai a ɓoye shekara da shekaru ba. Amma gwana ba ta tilasta mata ta gaya wa miji, domin ta san wata faɗar kan jawo saki ko duka. Takan auna tukuna: yaya halinsa, wa yake jin maganarsa? Idan hanya ta yi kyau, sai a gayyato shi a yi musu gwaji tare, a ba su sakamako tare, don kada a ce wane ne ya kawo. Tana da albishir da za ta ba su: tun 2011 bincike ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari, kuma wanda ƙwayar cutar ta daina bayyana a awon jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Jihar Damagaram tana da abin tinƙaho a nan, domin a cikinta aka fara makarantun mazaje a 2008 da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu. Mijin da ya saba raka matarsa awo ya fi sauƙin zama mai tuna mata ƙwaya.

Babu kuma mai shiga zuciyar sabuwar mai shan magani kamar wadda ta riga ta sha. A 2001 aka kafa ƙungiyar mothers2mothers a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a kan wannan tunani: a ɗauki iyaye mata masu ɗauke da cutar, a horar da su, a biya su, su raka sababbi. A Nijar ma, inda aka fara ba da maganin a 2004 kuma kyauta ake ba da shi, ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta RENIP+ tana wannan rakiya. Idan mace ta ce, "Ƙanwata, ni ma a kan bencin nan aka gaya mini, ga ɗana can yana makaranta lafiya lau," ta yi abin da dogon wa'azi ba zai yi ba. Idan wata ta daina zuwa, irin waɗannan ne suka san yadda ake bin sawu: ba a zuwa da rigar asibiti, ba a aika yaro da saƙo, ana shiga ne kamar mai zuwa gaisuwa. In an same ta, kalmar farko ita ce "mun yi kewarki".

Yanzu kimiyya tana rage nauyin. Akwai allurar cabotegravir ta duk wata biyu, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2022. Akwai lenacapavir, allura sau biyu a shekara, wadda a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda ba a sami ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin fiye da 2,000 da aka yi wa, hukumar kuma ta ba da shawarar amfani da ita a 2025. Wannan babban ci gaba ne ga masu neman kariya. Amma allurar wata shida ma sai an dawo a wata na shida, kuma mai cikin da ke ɗauke da cutar har yanzu ƙwayarta ta kullum ce ke kare ɗanta. Mai tunatarwa, mai riƙe sirri, mai sanin wanda zai tafi cin rani, aikinsa bai ƙare ba.

Saboda haka ya kamata a ɗauki masu wannan aiki a matsayin ƙwararru. A horar da su, a ba su ɗaki mai ƙofa, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kada kuma a bar kantar magani ta bushe bayan sun sha wahalar shawo kan mutum. Sauran jama'a ma muna da namu kason. Liman zai iya faɗa a huɗuba cewa neman magani ba abin kunya ba ne. Mai gari zai iya tsawata wa masu yaɗa sunan mutane. Uwar miji za ta iya barin surukarta ta je asibiti ba tare da dogon bincike ba. Duk wanda ya ga kwalba a ɗakin wani ya kama bakinsa ya taya gwana aiki, kuma yana da hannu a lafiyar yaron da za a yaye ba tare da cutar ba.